Darasi: Yadda Ake Shirya Waya Kafin Hawan Keke a Hanyoyin Bakin Kanal na Kura

Matashin da ke zaune a Madabo, cikin tsohon birnin Kano, ba ya buƙatar taswira kafin ya je Kasuwar Kurmi ko ya hau Dutsen Dala. Ƙafarsa ta san kowane lungu, idan ma ya rikice akwai wanda zai tambaya a kowace ƙofar gida. Amma ranar da ya ɗauki kekensa ya nufi gonakin noman rani na Kura, kimanin kilomita 30 daga birni, sai lissafi ya canja. A can gona ta yi kama da gona, kanal ya yi kama da kanal, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, rana kuma tana cinye caji fiye da yadda aka saba.

Wayar hannu tana iya zama jagora mai kyau a irin wannan tafiya, da sharaɗin an shirya ta tun daga gida. Wayar da ba a shirya ba takan mutu ne daidai lokacin da aka fi buƙatarta, ta bar mai ita da keke mai faci, ba ruwa, ba hanyar kiran gida. Wannan darasi ya bi matakan shirin ɗaya bayan ɗaya, tare da bayanin dalilin kowane mataki.

Wane irin hawan keke ne wannan?

Hawan keken burji shi ne barin kwalta a bi hanyoyin tsakuwa, jan ƙasa da turɓaya. A ƙasashen waje ya zama wasa mai zaman kansa. Gasar da ake kira Unbound Gravel a yau ta fara a shekarar 2006 a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, inda babban zagayenta ya kai kusan kilomita 320. Hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a Italiya a shekarar 2022. A Ingila kuwa masu keke sukan bi hanyoyin gefen tsofaffin magudanan ruwa, waɗanda tun asali aka yi su domin dawakin da ke jan jiragen kaya.

Keken da aka ƙera domin wannan aiki yana da taya mai faɗin milimita 38 zuwa 50, da burki mai ƙarfi da giya masu yawa. Sai dai rashinsa ba ya hana tafiya. Mutanen karkarar Kano sun shafe shekaru suna bin waɗannan hanyoyi a kan Raleigh da Phoenix, da buhu a baya. Keken gwanjo mai kaurin taya, wanda burkinsa ke kamawa sarƙarsa kuma ba ta zamewa, ya isa mai koyo.

Ina hanyoyin suke?

Ruwan da ya fi kusa da Madabo shi ne Jakara, amma wannan magudanar cikin gari ce mai ɗauke da ruwan datti, ba wurin shan iska ba ce. Hanyoyin bakin ruwa na gaske suna kudu da birni, a yankin Aikin Noman Rani na Kogin Kano.

Tushen wannan aiki shi ne Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974. Daga Tiga babban kanal yana kwaso ruwa ya biyo ta wajen Rano, ya rabu gida biyu, reshen gabas da reshen yamma. Daga rassan nan ƙananan kanal suke tsagawa su shiga gonakin Bunkure, Garun Malam, Kadawa da Kura. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. A gefen manyan kanal ɗin akwai hanyoyin burji da aka yi domin masu duba ruwa da motocin gyara, manoma kuma suna bin su da babura da kekuna da amalanke. Su ne hanyoyin da darasin ke magana a kai.

Daga Madabo mutum zai fita ta Ƙofar Nassarawa ya kama titin Zariya, ya wuce Gyaɗi-Gyaɗi, Unguwa Uku da Na'ibawa, ya haye gadar Tamburawa, sannan ya isa Kura. Titin nan na manyan motoci ne. Mai koyo ya fi dacewa ya ɗora kekensa a motar haya ya sauka a Kura, ya ajiye ƙarfinsa domin burji.

Lokaci mafi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta bushe, gari da sanyi, gonaki sun yi kore da alkama, albasa da tumatir. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa taɓo yakan liƙe taya har ta ƙi juyawa.

Yadda waya ke gane inda take

Mutane da yawa suna zaton data ce ke nuna wa waya wurin da take. Ba haka ba ne. A cikin wayar akwai ɗan ƙaramin kayan aiki da ke sauraron saƙon taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowane tauraro yana aiko da lokacinsa da matsayinsa. Idan wayar ta ji aƙalla guda huɗu, sai ta lissafa inda take daga bambancin lokacin da saƙonnin suka ɗauka kafin su iso. Wannan sauraro kyauta ne, ba ya cin ko megabait ɗaya. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin.

Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar kanta. Shi ya sa idan sabis ya ɗauke ake ganin shuɗin ɗigo yana yawo a kan farin allo: wayar ta san inda take, amma ba ta da zanen da za ta ɗora ɗigon a kai. Maganin wannan shi ne a sauke taswirar tun a gida.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a sani. A fili, ƙarƙashin buɗaɗɗen sama, kuskuren wayar yakan kai kimanin mita 5. A lungunan Madabo, inda katangu suka matse sama, kuskuren yakan fi haka. A bakin kanal mita 5 ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗigon yana iya nuna mutum a wancan gefen ruwa alhali yana wannan gefen. Wanda ya yarda da ɗigo ya ƙi duba idonsa zai iya yin tafiyar kilomita biyu ko uku kafin ya gane gadar da zai haye tana bayansa.

Mataki na 1: A sauke taswira

A Google Maps, a danna hoton asusu da ke sama ta hannun dama, a shiga wurin da aka rubuta Offline maps, a zaɓi yanki da hannu. A ja akwatin ya kama daga birnin Kano har ya wuce Kadawa da Bunkure, sannan a sauke. Wannan taswira tana nuna tituna da garuruwa ba tare da data ba, amma idan babu intanet jagorancin hanyar mota kaɗai take bayarwa, kuma hoton tauraron ɗan'adam ba ya cikin abin da aka sauke.

Saboda haka yana da kyau a ƙara manhaja ta biyu. Organic Maps da OsmAnd duk suna aiki da bayanan OpenStreetMap, taswirar da aka kafa a 2004 wadda 'yan sa-kai a faɗin duniya ke zanawa. Sukan nuna ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kuma an gina su ne domin aiki ba intanet. Ƙarfinsu ya danganta da ko wani ya taɓa zana wurin, don haka wani yanki zai fito dalla-dalla, wani ya fito kamar babu kowa.

Bayan an sauke, a gwada. A kunna yanayin jirgin sama, a buɗe taswirar, a matso da Kura kusa. Idan tituna sun fito, aiki ya yi. Idan allon ya yi fari, gara an gano haka a ɗaki da a gano a Kadawa.

Wani kuskure da ya shafi mutanen Madabo kai tsaye: akwai garin Madobi, hedikwatar ƙaramar hukuma, a kudu da birni, ba nisa da Kura. Sunayen biyu sun yi kama ƙwarai, kuma manhaja takan gyara wa mutum rubutu ba tare da ya lura ba. Wanda ya gaji da yamma ya rubuta sunan unguwarsu zai iya samun kansa a kan hanyar wani gari. Hanyar kauce wa haka ita ce a ajiye alama a kan wani sanannen wuri kusa da gida, kamar Kasuwar Kurmi, a riƙa danna ta maimakon rubuta suna.

Mataki na 2: A zana hanya da ido

Tun ana kan data, a buɗe hoton tauraron ɗan'adam na yankin. Kanal yakan fito a matsayin miƙaƙƙen layi mai duhu, hanyar gefensa kuma siririn layi mai haske ko ja. Abubuwa uku ake nema. Na farko gadoji da wuraren tsallakawa, domin kanal ba a haye shi ko'ina. Na biyu ƙauyuka, inda za a samu ruwan sha, mai faci da masallaci. Na uku wuraren da hanyar ta kusanci kwalta, domin su ne mafita idan wani abu ya lalace.

A sa alama a kan kowanne, a ba shi suna mai ma'ana, kamar "gada ta farko" ko "mafita zuwa titi". A ɗauki hoton allo na wuraren da hanya ta rabu, domin hotunan za su zauna a waya ko babu sabis.

Hoton tauraron ɗan'adam ba na yau ba ne. Yana iya zama na bara ko na shekarun baya, kuma mai yiwuwa an ɗauke shi da rani. Hanyar da ta fito sarai a hoto tana iya kasancewa ruwa ya cinye ta, ko kachalla ta rufe ta, ko an haƙa ta ana gyara. Abin da aka zana a gida shiri ne, ba alkawari ba.

Ga mai fita karon farko, zagayen kilomita 15 zuwa 20 ya isa. A kan burji mai koyo ba ya cika wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa, idan aka haɗa da hutu da ɗaukar hoto tafiyar za ta ci awa biyu ko fiye.

Mataki na 3: A yi amfani da fayil ɗin GPX

GPX ɗan ƙaramin fayil ne da ke ɗauke da jerin wuraren da aka bi, ɗigo bayan ɗigo. Amfaninsa shi ne manhajoji daban-daban suna karanta shi. Idan wani aboki ya taɓa bin hanyar ya naɗe ta, zai iya turo fayil ɗin ta WhatsApp, a buɗe shi a OsmAnd ko Organic Maps, layin ya fito a kan taswira a bi shi. Manhajar Komoot tana taimakawa wajen tsara hanya, takan kuma nuna ko kwalta ce ko burji inda bayanin yake. Strava ta fi shahara wajen naɗar tafiya da nuna nisa da gudu. Naɗa kyauta ne, amma tsara hanya yana cikin abubuwan da ake biya.

Ko babu wanda ya turo fayil, a kunna naɗar tafiya tun daga farkon burji. Layin da wayar ke zanawa a bayan mutum shi ne hanyar komawarsa. Idan ya rikice sai ya juya ya bi sawunsa.

Mataki na 4: A hana waya kashe manhajar

Wayoyin Android da dama, har da Tecno, Infinix da itel da suka fi yawa a hannun matasa, suna da tsarin tattalin batir da ke rufe manhajar da ke aiki a bayan fage. Alamar hakan ita ce mutum ya gama tafiya mai lanƙwasa ya tarar an zana masa miƙaƙƙen layi ɗaya daga inda ya kashe allo zuwa inda ya kunna.

Gyaran yana cikin saitin waya. A shiga jerin manhajoji, a zaɓi wadda za ta naɗi tafiyar, a cire mata takunkumin batir. A duba izinin wuri, a tabbatar an kunna nuna wuri daidai-wa-daida, ba na ƙiyasi ba. Sannan a kashe babban yanayin tattalin caji yayin tafiya, domin a wasu wayoyi yana rage aikin GPS. Sunayen waɗannan wurare sun bambanta daga waya zuwa waya, amma duk suna ƙarƙashin batir da izini.

Idan kibiyar taswira tana nuna gabas alhali mutum yana fuskantar kudu, kamfas ɗin wayar ne ya rikice. A riƙe ta a zana lamba 8 a iska sau uku ko huɗu. Mariƙin waya mai maganaɗisu shi ma yakan jawo wannan matsala.

Mataki na 5: Lissafin caji

Abin da ya fi cin batir ba GPS ba ne, allo ne. A tsakar rana wayar takan ƙure haskenta domin a iya gani. Na biyu shi ne neman sabis: inda sabis ya yi rauni, wayar takan ƙara ƙarfi tana laluben turken sadarwa. Saboda haka dabara biyu ce ke ceton caji. A bar allo a kashe, a kunna shi a mararraba kawai. Inda sabis ke rawa kuma a shiga yanayin jirgin sama, a riƙa fita daga ciki lokaci-lokaci domin duba saƙo. GPS zai ci gaba da aiki a hakan.

Kowace waya da nata cin, don haka mutum ya auna tasa. Ya yi zagayen rabin awa a cikin gari da naɗa a kunne, ya duba kashi nawa ya sauka. Misali, idan kashi 8 ya tafi a rabin awa, kashi 16 ke nan a awa, kashi 64 a awa huɗu. Wannan lissafi ne zai gaya masa ko yana buƙatar fawa-bank.

Game da fawa-bank, lambar da ke jikinsa ba ita ce abin da ke shiga waya ba. Ana asarar wani kaso wajen sauya ƙarfin wuta da kuma zafi. Mai lamba 10,000 yakan ba da kimanin 6,000 zuwa 7,000, wato cika wayar mai batir 5,000 sau ɗaya da ɗan ragowa. A gwada waya da fawa-bank da igiyar cajin tare kafin ranar tafiya.

Doka ɗaya ce ba a karyawa: idan caji ya sauka zuwa kashi 30, an gama ɗaukar hoto da bidiyo. Abin da ya rage na kira ne da komawa gida. Wanda ke da ƙaramar waya mai maɓalli ya jefa ta a jaka da layin wani kamfani daban, domin inda wannan layi ya ɗauke wani yakan kama.

Zafi, ƙura da girgiza

Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera wayoyinsa su yi aiki a yanayin da ke tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Wayar da aka ɗaure a kan keke, rana na dukanta, allo a kunne, ana kuma yi mata caji, za ta wuce wannan iyaka cikin ɗan lokaci ko da hunturu ne. Za ta rage haske, ta daina caji, wani lokaci ta kashe kanta, zafin kuma yana rage wa batir kwana. Idan ta yi zafi a cire mata riga a ajiye ta a inuwa. Kada a zuba mata ruwa.

Girgiza ita ma abin lura ce. Kyamarorin wayoyi masu tsada suna da ƙananan sassa masu motsi da ke daidaita hoto. A 2021 Apple ya gargaɗi masu ɗaura waya a kan babura masu ƙarfin inji cewa girgiza na iya lalata waɗannan sassa. Keke ba shi da inji, amma burji mai ƙunya-ƙunya yana jijjiga kan keke ba ƙaƙƙautawa, mariƙi mai arha kuma yakan saki wayar ta faɗi. Wuri mafi aminci shi ne ƙaramar jaka mai laushi a jikin keke ko aljihu mai zif.

Sai ƙura da ruwa. Lambar IP da ake rubutawa a bayanin waya tana da ma'ana: lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma wayar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IP53 ko IP54 na nufin yayyafi da fantsama kawai. Wayar da aka taɓa buɗewa wajen gyara ta riga ta rasa yawancin wannan kariya. Leda mai zif ta fi komai arha, kuma tana hana jar ƙura toshe ramin caji.

Sirri da tsaro

A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin da masu amfani da ita suka bi tana fallasa sansanonin soja a ƙasashe daban-daban, saboda sojoji suna naɗar gudunsu na motsa jiki. Abin da ya fallasa sansani zai iya fallasa gida. Wanda ya kunna naɗa daga ƙofar gidansu a Madabo ya wallafa, ya gaya wa duniya inda yake kwana, irin keken da yake da shi, da ranar da ba ya gida.

Saboda haka a fara naɗa daga Kura, ko aƙalla daga bakin babban titi. A shiga saitin sirri na manhajar a ɓoye farko da ƙarshen tafiya, a taƙaita masu gani zuwa abokai. Hotuna kuma a ɗora su bayan an dawo, ba lokacin da ake can ba. A cikin gari, inda ƙwacen waya ya zama abin kuka, wayar ta zauna a aljihu har a fita daga cunkoso.

Akwai wanda ya kamata ya san komai: wani babba a gida. A gaya masa hanyar da za a bi da lokacin dawowa. WhatsApp yana ba da damar tura wuri kai tsaye na minti 15, awa 1 ko awa 8, amma wannan yana buƙatar data. Idan data ta ƙi, a danna ɗigon a taswira a kwafi lambobin wurin a tura ta saƙon tes. A yankin Kura lamba ta farko tana farawa da 11, ta biyu da 8. A tura su da aƙalla lambobi huɗu bayan ɗigo, domin hakan yana nuna wuri cikin kimanin mita 11. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Fita biyu-biyu ko uku-uku kuma ya fi duk wata manhaja.

Abin da waya ba ta sani ba

Taswira ba ta nuna tsidau da ƙayar da aka yi shinge da ita, alhali su ne ke fasa taya. A tafi da famfo, kayan faci da tiyub na ko-ta-kwana, a kuma koyi cire taya tun a gida. A ɗan rage iskar taya ƙasa da yadda ake bugawa domin kwalta, ta fi kama ƙasa ta kuma rage jijjiga. Hular kwano wajibi ce, ruwan sha kuma aƙalla lita biyu.

Taswira ba ta gargaɗi a kan ruwan kanal. Yana da kyan gani, amma a ruwan noman rani ake samun dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Akwai kuma ragowar taki da maganin feshi. Gefen kankaren yana da santsi, ruwan babban kanal kuma yana gudu fiye da yadda ido ke gani. Ba a sha, ba a wanka, ba a tsayawa a gaɓa domin hoto. Wanda ya shiga irin wannan ruwa daga baya ya ga jini a fitsari ya je asibiti, cutar tana da magani.

Sannan waɗannan hanyoyi wurin neman abinci ne na mutane, mai keke baƙo ne. Ya kauce wa babur mai ɗauke da kwandunan tumatir, ya tsaya garken shanu ya wuce, ya ɗaga kekensa ya tsallake tiyon ban-ruwa maimakon ya taka. Kada ya taɓa ƙofofin ruwa, domin rabon ruwa abu ne da ke haddasa rigima tsakanin manoma. Kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini, musamman mata da yara.

Mafi muhimmanci, ya yi tambaya. Ya sauka daga keke, ya yi sallama, ya ce: "Baba, sannu da aiki. Don Allah hanyar nan tana fita titi kuwa?" Manomin da ke wurin kullum ya san gadar da ta karye makon jiya da inda ruwa ya yanke hanya da safen nan. Babu tauraron ɗan'adam da ke da wannan labari. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin gwaji

Kafin a nufi Kura, a yi wannan gwaji a cikin birni da sassafe. A sauke taswira a manhajoji biyu. A kunna yanayin jirgin sama da naɗar tafiya daga bakin titi, a zaga Dutsen Dala a dawo da allo a kashe. Bayan an dawo a duba abu uku: ko layin ya bi hanyar da aka bi ba tare da yankewa ba, kashi nawa na caji ya tafi, da kuma ko an iya fitar da fayil ɗin GPX an tura wa aboki ya buɗe a tasa wayar.

Wanda ya ci wannan gwaji ya shirya wa zagayensa na farko. Ya fita bayan sallar Asuba, ya kama burji da hantsi, ya juyo kafin Azahar. Idan ya dawo da layin tafiyarsa a waya, zai iya buɗe asusu a OpenStreetMap ya zana gadar da ya haye da hanyar da ya tarar babu ita a taswira, domin na bayansa ya same su a shirye.